Kuben fatar da na saya wa wuƙar gonata, da yankan da ya jawo mini

Wuƙar da nake zuwa gona da ita wani maƙeri ne ya ƙera mini ita daga ƙarfen sifirin na mota, ruwanta ya kai taƙi guda da ɗan ɗori, kuma da ita nake yanke igiya, nake sassaƙe turke, nake datse irin rogo. Na daɗe ina naɗe ta a tsumma, har sai ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah na ga wani kube a rumfar wani baduku, na jar fatar akuya irin ta Sakkwato, an rina shi da karan dafi, an yi masa baƙin zane da tuntaye biyu a gindi. Kuɗinsa ya kusa ninka na waɗanda ake zubawa a ƙasa, amma ban yi dogon ciniki ba, domin ya shiga raina. Ban je da wuƙar ba, sai dai na kwatanta masa tsawonta da hannu, shi kuwa ya ce mini kowace wuƙa za ta zauna a ciki.

A mako na uku abin ya faru. Na rataya shi a ƙugu na hau babur zuwa gona da buhun taki a baya, da na isa na tsuguna zan kwance buhun sai na ji wani sanyi a cinyata ta dama, kafin in miƙe ya koma zafi. Da na duba sai na ga tsinin wuƙar da kaifinta sun ɓullo ta gefen ɗinkin kamar faɗin yatsu uku, sun keta wando sun shiga nama. Ɗana ne ya ɗaure mini wurin da hiramina, ya ɗauko ni zuwa asibiti, inda aka yi mini ɗinki huɗu da allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka. Kwana goma ban taka gona ba, a daidai lokacin da masara ke neman taki, sai da na biya 'yan ƙwadago suka zuba. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, sau da yawa wannan yaron ne ke rataya wuƙar idan na aike shi yanko ciyawa.

Da na sami sauƙi na kai kuben wurin wani dattijon baduku a Kasuwar Kurmi ta Kano, domin in san ko laifina ne. Ya buɗe bakinsa ya haska mini ciki, ya ce, “Ɗana, duba nan, kaifin wuƙarka a kan zare yake kwana.” An haɗa gefe biyu na fatar an ɗinke kai tsaye, don haka duk zarowa da mayarwa sai wuƙar ta ci zaren kaɗan, har ranar da ya tsinke. Ya nuna mini yadda ake sa wani siririn yanki na fata mai kauri a tsakanin gefen biyu kafin a ɗinka, ta yadda kaifin zai sauka a kan fata, zaren kuma ya tsira. Ya ƙara da cewa fatar akuya laushi ne darajarta, ta jaka ce da matashi da layu, kuma a kube matsayinta na riga ne kawai, sai an yi cikin da kirgi ko siraran katako sannan a lulluɓe da ita.

Na koma wurin wanda ya sayar mini da shirin faɗa, amma mutumin ya kashe mini jiki. Da ya ga tabon sai ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, bar mini wuƙar zuwa jibi.” Ya warware kuben gaba ɗaya, ya yi masa ciki da kirgi, ya sa wancan yankin fatar a layin ɗinki, ya matse bakin daidai kaurin ƙotar, kuma bai karɓi ko sisi ba. Yanzu ko na kifa shi wuƙar ba ta faɗowa, tana shiga da ɗan tauri mai daɗi, kuma wata biyu ke nan ɗinkin bai motsa ba. A ranar na yafe masa, har na fara tunanin in kai masa addata ma.

Sai dai da na ci gaba da amfani da shi wasu abubuwan sun dawo mini da ɓacin ran. Jan rinin yana zuba idan gumi ya taɓa shi, ya riga ya ɓata mini farar riga guda a daidai ƙugu, kuma wanki bai fitar da shi ba. Maratayin da ake zura bel a ciki har yanzu na fatar akuyar ne, ya miƙe ya saki, kuben yana lilo yana dukan cinyata a daidai tabon. Ranar da ruwa ya dake ni na bar wuƙar a ciki kwana biyu, na zaro ta ta yi baƙi da ɗigon tsatsa, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe danshi kuma tana baƙanta ƙarfe. Wannan ba laifinsa ba ne, amma mai sana'a ya kamata ya faɗa wa mai saye. Yanzu ina goge wuƙar in shafa mata man kaɗanya, in ajiye ta daban da dare.

Na gode masa da gyaran, amma ba zan manta cewa shi ne ya ce mini kowace wuƙa za ta zauna ba, alhali ya san aikinsa sarai, kamar yadda gyaran ya nuna. Addar dai wurin dattijon Kurmi na kai ta, na bar masa ita ya auna, ya ce in dawo ranar Laraba.