Amfilifayar jita mai bawul ta tsarin 5F1: sharhi ga mai son koyon gyara

Kayan da nake sharhi a kansu amfilifayar jita ce da ake sayarwa a warwatse domin mai saye ya haɗa da hannunsa, kuma an gina ta ne a kan tsarin 5F1, wato tsarin ƙaramar amfilifayar Champ da kamfanin Fender na Amurka ya riƙa ƙerawa daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1964. A cikin kwalin akwai akwatin ƙarfe, da taransifoma biyu, ta wuta da ta sauti, da lasifika mai inci 8, da ƙullin resistoci masu rage gudun wuta da kafasitoci masu tara ta, sai kuma bawul guda uku, waɗanda kwalabe ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu. Bawul na 5Y3 yana daidaita wutar da ke shigowa ta koma mai gudu ta fuska ɗaya, na 12AX7 yana ɗaga raunanniyar muryar jita a matakai biyu, shi kuwa 6V6 yana ba ta ƙarfin da zai motsa lasifika. Ƙarfinta duka wat 5 ne, kuma maɓallin murɗawa ɗaya tak gare ta.

A ganina wannan ƙanƙanta ita ce babbar darajarta. Mai koyo yana iya bin sauti da yatsa a kan takardar zane tun daga inda wayar jita ta shiga har zuwa lasifika ba tare da ya ɓata ba, kuma da yake kowane abu an liƙa shi da dalma a fili a kan allo mai ramuka, idan matsala ta taso babu inda za ta ɓuya. Da mitar auna wuta kaɗai mutum zai fahimci lafiyarta, ta hanyar auna ƙafafun ƙarfe masu lamba da ke gindin bawul. A ƙafa ta 3 ta 6V6 ana sa ran ganin wuta sama da bolt 300, a ƙafa ta 8 kuwa kusan bolt 18 zuwa 20 a kan resista mai om 470, yayin da ƙafa ta 5 ya kamata ta tsaya kusa da sifili. Idan aka ga wuta ta hau a ƙafa ta 5, ko kuma farantin da ke cikin bawul ɗin ya fara yin ja kamar garwashi, to zargi na farko yana kan ƙaramar kafasitar da ke tsakanin 12AX7 da 6V6, domin idan ta fara yoyo tana tura wutar da bai kamata ta wuce ba. A nan dole a kashe nan take.

Kunne ma yana koyon aikinsa a kanta. Gurnani mai kauri da ke bin bugun wutar gida, wato sau 50 a daƙiƙa a ƙasashenmu, yawanci daga wayoyin da ke ɗumama bawul yake fitowa, musamman idan ba a murɗe su da juna ba ko an bar su kusa da hanyar sauti. Wanda ya fi shi kaifi, mai ninki biyu, yana nuni ga manyan kafasitocin tace wuta ko kuma mugun haɗin wayar ƙasa. Idan kuwa amfilifayar ta ɓarke da ihu da zarar ta ɗumama, sau da yawa wayoyi biyu na taransifomar sauti ne aka juya, musanya su kawai zai kawo shiru. Akwai kuma bawul ɗin da ya zama kamar makirfo, wanda ake ganewa idan aka ɗan ƙwanƙwasa shi da tsinken katako sai a ji ƙarar ta fito ta lasifika.

Inda ban gamsu ba shi ne takardar bayanin da ta zo da nawa kayan. Ta yi ƙoƙari wajen nuna inda kowace waya za ta, amma maganar hatsari a taƙaice ta yi ta, alhali kafasitocin nan masu ɗaukar bolt 450 suna iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko da an zare fulogi daga bango. Wajibi ne a zubar da wutarsu ta cikin resista, a tabbatar da mita cewa ta sauka, kafin hannu ya shiga ciki, kuma duk lokacin da ake awo tana kunne a yi aiki da hannu ɗaya. Takardar ba ta ambaci dabarar jera kwan fitila mai zare a kan wayar wuta a kunnawar farko ba, wadda ke kare taransifoma idan akwai gajeren haɗi, haka kuma ba ta nanata cewa kunna ta ba tare da lasifika ba yana iya lalata taransifomar sauti.

Mai saye daga Nijeriya ko Nijar ya lura cewa yawancin irin waɗannan kaya an tanade su ne don wutar Amurka mai bolt 120, saboda haka ya nemi taransifoma mai karɓar 230 tun wajen oda, ya kuma haɗa ta da sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta suna rage kwanan bawul. Su kansu bawul ɗin masana'antu kaɗan ne suka rage suna ƙera su, irin su JJ a Sulobakiya da masana'antar Saratov a Rasha da wasu a Sin, don haka yana da kyau a sayi na ajiya tare da kayan.

Game da sauti, yana da ɗumi da tsafta a ƙasa, sannan ya fara kaushi mai daɗi idan aka murɗa sama, ko da yake ɗan gurnani ba ya rabuwa da ita saboda bawul ɗaya ne ke ɗauke da ƙarfin. Ba za ta iya da ganguna a filin biki ba, amma a ɗaki ko wajen naɗar sauti ta wadatar. Ina ba da shawarar ta ga wanda ya riga ya iya riƙe ƙarfen dalma da karanta mita. Wanda bai taɓa yi ba sai ya haɗa ta a gaban gogaggen mai gyaran rediyo.