Mai bas 72 ko mai bas 120 don koyon girgiza zuga-zugin akodiyon

Malam, ka tambaya wanne za ka saya don koyon girgiza zuga-zugi: tsohon akodiyon (kayan kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji, mai zuga-zugi a tsakiya) mai maɓallan bas 72, wato maɓallan ɓangaren hagu, ko sabo mai 120. Irinsu duk sun ratsa hannuna, kuma na farkon ne ya koya mini girgiza zuga-zugi.

Nawa mai 72 ɗin Weltmeister ne na hannu, ƙirar garin Klingenthal da ke Jamus, mai maɓallai 34 a ɓangaren dama, nauyinsa wajen kilo 8. A salon girgizar ba a buɗe zuga-zugin da faɗi: ƙasansa yana nan a rufe, samansa kaɗai ke buɗewa yana rufewa kamar mafici, yatsu suna danne da sauti ɗaya, hannun hagu kuma shi ke yayyanka sautin da fita da shiga. Saboda haka duk nauyin da ke ɓangaren bas a kan wannan hannu yake sauka. Makonnin farko kafaɗata ta yi tsami, domin da ita nake turawa, sai da na ƙara ɗaure maɗaurin wuyan hannu har ya daina wasa, na koma minti goma kacal bayan sallar isha'i, a hankali, ina ƙirga fita ɗaya shiga ɗaya. Wani dare na ji sautin ya jeru da kansa kamar tafiyar jirgin ƙasa, har 'yata ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko rediyo na kunna. Tsohon ba ya zubar da iska ko kaɗan, shi ya sa motsi komai ƙanƙantarsa sai harsunan ƙarfen da ke ciki, masu fitar da sauti, sun amsa.

Sabon mai 120 kuwa ƙyalli ne ya ruɗe ni. Ya haura kilo 10, sautin shigarsa bai kai na fitarsa ƙarfi ba, kuma da asara na rabu da shi. Gaskiya ne marigayi Dick Contino na Amurka, wanda ya yi suna da wannan salo tun 1948, da babban akodiyon yake kaɗawa, amma hannunsa ya riga ya faɗa.

Ka yi hattara da dillalai, domin wasu suna liƙa sunan Italiya a jikin kayan arha su rantse maka daga Castelfidardo, garin Italiya da ya shahara da ƙera akodiyon, ya fito. Kada ka biya kuɗi a kan hoto ko bidiyo. Ka rataya shi, ka ja zuga-zugin ba tare da danna komai ba. Idan ya buɗe babu turjiya, yana yoyon iska. Ka sa a buɗe maka cikinsa ka duba kakin da ke riƙe harsunan, domin zafin ƙasarmu yana narkar da shi, iskar hunturu kuma tana busar da 'yan fatun da ke rufe su har su nannaɗe.

Ka sayi mai 72 ɗin idan ya tsallake wannan gwaji, kuma ranar da za ka ɗauko shi kada ka bar shi a but ɗin mota da tsakar rana.