Phuong My Chi ko MONO: da wa za ki fara?

Ƙanwata, tunda tsakanin Phuong My Chi da MONO kika tsaya, kuma kuɗin albam ɗaya ne a hannunki, ki ɗauki Phuong My Chi. Ki fara da albam ɗinta na 2023 mai suna Vu Tru Co Bay. Dukansu mawaƙa ne matasa 'yan Biyetnam, dukansu suna tashe, amma abin da za ki samu a wurinta ba za ki same shi a wani wuri ba.

An haife ta ranar 13 ga Janairun 2003 a birnin Ho Chi Minh, cikin gidan masu ƙaramin ƙarfi da ke sayar da kayan zaƙi a unguwa. Ba makarantar kiɗa ce ta fara koya mata waƙa ba, gwaggonta ce a cikin gida. A 2013, tana 'yar shekara 10, ta shiga gasar The Voice Kids ta ƙasar, wadda alƙalai ke zama sun juya wa mai waƙa baya, sai muryar ta burge su sannan su juyo da kujera. Sauran yara mafi yawansu waƙoƙin zamani suka zo da su, wasu har na Turanci. Ita kuwa ta tsaya da siririn jikinta ta rera waƙa irin ta mutanen kudu a kan ambaliyar ruwan da ke cinye ƙauyukan yankin kogin Mekong. Ki nemi bidiyon, yana nan a YouTube, ki ga yadda yarinya ƙarama ke jan murya tana karya ta kamar wadda ta shekara talatin tana yi. Ta shiga rukunin mawaƙiya Hien Thuc, ɗaya daga cikin alƙalan, ta kai wasan ƙarshe, ta zo ta biyu. Wani yaro mai suna Quang Anh ne ya ɗauki kofin, amma muryar da mutane suka riƙe daga gasar wannan shekarar tata ce.

Bayan gasar mawaƙi Quang Le ya ɗauke ta kamar 'yarsa, ta yi shekaru tana rera waƙoƙin gargajiya da na bolero masu sanyi, waɗanda manya suka fi saurara. A nan yawancin yaran da suka yi suna da wuri suke maƙalewa. Murya ta canza, ƙuruciyar da ake kallo ta wuce, masu sauraro su koma kan wani yaron. Abin da ya sa nake girmama yarinyar nan shi ne ba ta jefar da gargajiyar don ta shiga sahun matasa ba, kuma ba ta zauna a cikinta ta tsufa tun tana 'yar ashirin ba. Ta haɗa kai da DTAP, wasu samari uku masu haɗa kiɗa, waɗanda su ne suka yi wa mawaƙiya Hoang Thuy Linh waƙar See Tinh da ta zagaye TikTok a 2022 da 2023. Tare suka fitar da Vu Tru Co Bay a watan Satumban 2023.

Waƙoƙi goma ne a ciki, kuma akasarinsu an ɗauko su ne daga labaran adabi da ɗaliban sakandare ke karantawa a Biyetnam. Guda biyu sun isa su nuna miki irin aikin. Day Xe Bo ta samo asali daga labarin wani talaka mai tura amalanke a lokacin yunwar 1945, wanda ya samu mata ta hanyar wasa da baki da 'yan kwanukan abinci da ya saya mata. Kiɗan mai sauri ne, har ana rawa da shi, amma yunwar tana ƙarƙashinsa. Bong Phu Hoa kuma daga wani tsohon labari ne na matar da mijinta ya tafi yaƙi, da dare take nuna wa ɗanta inuwarta a bango tana cewa ga babanka nan. Da mijin ya dawo, yaron ya ce masa ai babansa kullum da dare yake zuwa. Kishi ya rufe wa mijin ido, matar ta faɗa kogi. Ki karanta labarin kafin ki saurari waƙar, za ki ji dalilin da ya sa muryarta ke sauka ƙasa sannan ta tsage sama a wajen ƙarshe.

Ga abin da kunnenki zai nema. Harshen Biyetnam yana da karin sauti kamar Hausa, sai dai nasu ya fi yawa, shida a arewa, biyar a kudu. Kalma ɗaya tana sauya ma'ana idan sautin ya tashi ko ya sauka, don haka mawaƙin gargajiya dole ya lanƙwasa murya ta bi kalmar. Wannan lanƙwasar ce gadon waƙoƙin kudu, irin su cai luong na dandamali da don ca tai tu da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Phuong My Chi ta taso a cikinta, shi ya sa ko a kan kiɗan kwamfuta mai bugu take rerawa, za ki ji ta tana zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da yanke numfashi ba. A bayan muryar kuma akwai kayan kiɗansu: dan tranh mai tsarkiya goma sha shida ko fiye, dan bau mai tsarkiya ɗaya tal da ake lanƙwasa sandarsa don sautin ya yi kuka, da sarewar gora. A 2025 ta je gasar Sing! Asia a ƙasar Sin ta zo ta uku, kuma da irin wannan salon ta je, ba ta aro na kowa ba. A shekarar dai ta lashe gasar talabijin ta Em Xinh Say Hi a gida.

MONO fa? Sunansa na yanka Nguyen Viet Hoang, an haife shi a 2000 a Thai Binh da ke arewa, kuma ƙanin Son Tung M-TP ne, babban tauraron waƙar zamani a ƙasar. Ya fito a watan Agustan 2022 da albam mai suna 22, tare da mai haɗa kiɗa Onionn wanda ya taɓa aiki da yayansa, waƙar Waiting for You ta yi farin jini sosai. Ya iya rawa, yana rubuta waƙoƙinsa, ba zan hana shi wannan ba. Amma ki rufe ido ki saurara, in ba don harshen ba za ki iya cewa daga Koriya ta fito. Idan irin wannan kike so, kin riga kin san inda ake yin sa da yawa. Ki saurare shi kyauta a YouTube, ya wadatar.

Yanzu yadda za ki bi ta ba tare da kin ruɗe ba. Ainihin rubutun sunanta Phương Mỹ Chi ne da alamomi a kan haruffa, amma ko kin rubuta ba alamomin, YouTube da Spotify za su kawo ta. Ki duba tashar da ke da 'yar alamar kiɗa kusa da sunan, ita ce tata ta gaskiya. Kada ki danna a cakuɗa miki waƙoƙinta gaba ɗaya a ranar farko, domin za a haɗo miki da na ƙuruciya masu jan lokaci, ki ɗauka duk haka take, ki gaji ki bari. Ki bi albam ɗin 2023 daga farko zuwa ƙarshe, sannan ki koma bidiyon 2013, sannan wasanninta na 2025. Ki kuma sani cewa tana da waƙoƙin addinin Buddha a cikin tsofaffin ayyukanta, gara ki san da su tun yanzu ki zaɓi abin da za ki saurara da saninki. Manhajojin Biyetnam irin su Zing MP3 sukan rufe waƙoƙi da yawa ga wanda ke wajen ƙasar, kada ki ɓata data a kansu.

Maganar data, lissafin mai sauƙi ne. Waƙa mai ingancin 160 (kbps ke nan, ma'aunin ingancin sauti) tana cin kusan MB 1.2 a minti ɗaya, mai 320 kuma kusan MB 2.4. Albam mai tsawon minti 40 ke nan zai tsaya a kan MB 50 ko MB 100. A lasifikar waya ba za ki ji bambanci ba, 160 ta isa. Idan kina da abin kunne mai kyau ki ɗauki 320, don a ƙaramin inganci sautin tsarkiyoyin nan ne ke fara dushewa. Fassarar na'ura ta YouTube tana taimakawa in bidiyon yana da rubutu a ƙasa, amma tana yawan rikita wanda ke magana da wanda ake yi wa, saboda da sunayen dangi suke kiran juna. Ki riƙe labarin a ranki, ki ɗauki fassarar a matsayin ɗan jagora kawai.

Ba ki tambayi wannan ba, amma dole in faɗa, domin a nan ake cutar mutane. Faifan albam na mawaƙan Biyetnam ba a buga shi da yawa kamar na Koriya. Yawanci ana karɓar oda ne kafin fitowa, a buga adadi kaɗan, ya ƙare. Saboda haka duk wanda ya ce miki yana da su jibge a ƙasa, da sa hannunta, kuma da araha, ki ja baya. Abubuwan da za ki nema kafin ki tura ko kwabo:

Mai sayarwar ya ɗauki hoton kwalin a buɗe tare da takarda da aka rubuta sunanki da kwanan watan ranar da hannu. Mai hoton sata daga intanet ba zai iya ba, zai fara kawo uzuri.

Ya juya faifan ya nuna miki bayansa. Wanda aka buga a masana'anta farin azurfa ne, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da aka zana. Wanda aka ƙona a kwamfuta bayansa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma za ki ga layin inda rubutun ya tsaya. Irin wannan ba ya daɗewa, zafi yana lalata shi.

Ki duba bugun littafin hotunan da ke ciki. Na jabu alamomin kan haruffa ne ke tona shi, sukan haɗe da juna ko su ɓace, fatar fuska kuma ta yi ja fiye da kima.

Ki fahimci farashi. Kuɗinsu dong ne, dala ɗaya ta haura dong 25,000, kuma sukan rubuta 500k suna nufin 500,000, wato kusan dala 20. Wasu dillalai suna amfani da yawan sifilin nan su ruɗa mai saye, su ninka farashi sau uku ko huɗu. Ki nemi ya raba miki lissafi gida uku: kuɗin faifai, kuɗin aikowa, ladansa. Kuɗin aikowa daga can yakan kai na faifan ko ya fi shi, ga kuma abin da kwastan za su iya nema. In kun haɗu ku uku ko huɗu kun yi oda ɗaya, nauyin zai ragu.

Wanda ya ce ki biya da katin kyauta ko kirifto, ko ya ce saura guda ɗaya ki hanzarta, rabu da shi. Sa hannu kuwa, ba yadda za a yi ki tabbatar da shi daga hoto, don haka kada ki ƙara ko sisi saboda shi.

Masu turi na kasuwa ma ki yi hattara da abin da za su zuba miki a waya. Yawancin abin da ke yawo da sunan mawaƙan nan guntayen TikTok ne da aka ƙara wa gudu, ko wanda wani ya ɗora wa kiɗan rawa, yanzu har da muryar da na'ura ta kwaikwaya. Gwajin ba wuya. Ki kwatanta tsawon waƙar da wanda ke tasharta, in ya gaza da rabin minti ko fiye, an taɓa ta. Sannan ki duba nauyin fayil ɗin. Waƙar minti huɗu mai ingancin 320 ya kamata ta kusa MB 10, in kin ga MB 3 kuma an ce miki 320 ce, ba gaskiya ba ne. Ƙara gudun nan shi ya fi ɓata waƙar Phuong My Chi, saboda lanƙwasar muryar da ake sauraronta dominta ita ce ke tafiya.

Idan kuma wata rana karatu ko kasuwanci ya kai ki Ho Chi Minh ko Hanoi kina son ganin wasanta, ki sayi tikiti ta mahaɗin da shafinta ya sanar, galibi ta shafin sayar da tikiti na Ticketbox ake sayarwa. Tikitin hannu na biyu hoton lambar shiga ne kawai, ana iya sayar da guda ɗaya ga mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ke shiga.

Shawarata a taƙaice ba ta canza ba: Phuong My Chi. Ki saurari albam ɗin a Spotify ko YouTube na tsawon wata guda tukuna. In har lokacin kina komawa kan Bong Phu Hoa, sai ki nemi faifan ta hannun wanda ya cika sharuɗɗan nan na sama. In ba a samu na gaskiya ba, ki sa kuɗin a biyan Spotify na wasu watanni, ko ba komai wani abu zai kai ga mai waƙar.