Zauren masu kiwon kaji: sharhina bayan shekara shida

A 2019 aka saka ni cikin wani zauren WhatsApp na masu kiwon kaji a Zariya. Lokacin ba mu kai mutum hamsin ba: 'yan Samaru, 'yan Tudun Wada, sai wani dattijo da ya gama aikin kula da dabbobi a Shika, wanda kowa ke kira Baba.

Wata asuba na tarar da 'yan tsakina sun takure a lungu, gashi a tashe, suna farin zawo. Na ɗauki hoto na tura. Ban gama shan koko ba Baba ya amsa: "Ɗana, kwanansu nawa? Ka yi musu rigakafin Gumboro?" Gumboro cuta ce da ke kama ƙananan kaji, kuma wallahi ban yi musu rigakafin ba. Da hantsi wani bawan Allah ya taho a babur daga Kwangila da maganin ƙarin kuzari na zubawa a ruwa, ko kuɗin mai bai karɓa ba.

A 2022 WhatsApp ya ɗaga adadin 'yan zaure daga 256 zuwa 512, daga baya ya kai 1,024. Shugaban zaurenmu ya buɗe ƙofa, kowa ya jawo nasa. Yanzu in ka kwana ba ka leƙa ba, sai ka tashi da saƙo ɗari uku: tallan atamfa, gardamar siyasa, saƙon murya na minti bakwai. Tambayar mai kaza marar lafiya sai ta nutse a tsakiya. Wata baiwar Allah daga Sabon Gari ta tura kuɗin 'yan tsakin Shika Brown, wani nau'in kaji masu yin ƙwai, ga wata baƙuwar lamba, har yau shiru.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da wani yaro ya ce wa Baba iliminsa ya tsufa, wai ya ga wani bidiyo. Baba bai tanka ba, kuma bai ƙara rubuta komai ba.

Ba zan yi butulci ba, yawan ma yana da rana. Sallar bara cikin kwana biyu na sayar da kajina duka, kuma farashin kiret ɗin ƙwai a nan nake fara ji.

Tauraro uku na ba zauren cikin biyar. In kasuwa kake nema, shiga, amma ka kashe ƙarar sanarwa, kada kuma ka tura ko sisi sai ka ga kaya da idonka. Ni dai in kaza ta yi sanyi, Baba nake kira a waya kai tsaye.