PGD a jami'a ko gajeren kwas na koyon magana a gaban jama'a?

Salam 'yan uwa. Ƙanwarmu ta yi tambaya jiya, ta ce aikin akanta ta karanta, yanzu tana aiki a wani ofis a Zoo Road a Kano, amma duk ranar da aka ce ta tashi ta yi bayani a mitin sai murya ta kama rawa, abin da ta shirya duk ya gudu. Tana son sanin wanne ya fi, ta je Jami'ar Bayero (BUK) ta yi PGD, wato diflomar bayan digiri, a aikin jarida da sadarwa, ko ta biya kuɗin irin gajeren kwas ɗin nan na 'yan makonni da ake ta talla.

Ƙanwata, abubuwan nan biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Ta ɓangaren jami'a, BUK dai ba a cewa komai a harkar sadarwa, tsangaya guda gare su, ga gidan rediyonsu BUK FM a 98.9 inda ɗalibai ke gwada bakinsu. Kuma tun 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta raba kwas ɗin aikin jarida da sadarwa, wato Mass Comm, gida bakwai, hulɗa da jama'a daban, talla daban, rediyo da talabijin daban, da sauransu. Abin da za ki samu a can shi ne fahimta, wato yadda ake nazarin masu sauraro, yadda ake tsara saƙo, rubuta sanarwar manema labarai, abin da kamfani zai faɗa in rikici ya taso, sannan ga satifiket da za ki ajiye a fayil ɗinki ranar ƙarin girma. Amma fa ki sani a jami'o'inmu na gwamnati aji cike yake, firezenteshin ɗin ma yawanci na rukuni ne, mutum goma a ba su aiki ɗaya sai a tura mai bakin cikinsu gaba sauran su jeru a bayansa kowa ya samu maki, to mai jin tsoro irinki za ta iya gama samista biyu ba ta riƙe makirfo na minti biyar ba. Ki tuna GSP ɗin Turanci, kwas ɗin dole da muka yi a shekarar farko a jami'a, an ci jarrabawa lafiya lau, wa ya koyi tsayuwa gaban mutane da shi?

Shi kuwa gajeren kwas, in mai kyau ne, ba dogon bayani. Za a tsayar da ke, a sa agogo, a ɗauke ki bidiyo da waya, ki zauna ki kalli kanki kina wasa da bakin mayafi kina cewa "am, am" kina kallon silin, a gyara miki, gobe ki sake. Tsarin da ƙungiyar Toastmasters ke bi ke nan tun da aka kafa ta a Amurka a 1924, kowa sai ya tashi ya yi magana kuma wani ya auna shi. Matsalar ita ce a garin nan duk wanda ya kama hol ya buga fosta ya zama mai horarwa. Kafin ki biya ki tambaya mutum nawa ne a aji, kuma sau nawa ke da kanki za ki tashi. In suka ce mutum ɗari ne a yini ɗaya, lakca za ki sha kawai, riƙe kuɗinki. Takardarsu ma ba ta da nauyin ta jami'a a wajen ma'aikata.

Akwai abin da ke damuna wanda kusan duka biyun ba sa taɓawa sosai. Mu an tarbiyyantar da mu kada mu ƙura wa babba ido, mu sassauta murya, musamman mata, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai ki shiga intabiyu ko mitin, kunyar nan a ɗauke ta a matsayin ba ki san aikinki ba. Dole ki koyi yadda za ki ce "ranka ya daɗe, lissafin nan akwai gyara" kina kallon manaja, cikin ladabi, ba tare da murya ta shige ciki ba. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ai da Hausa da Turanci duk yana riƙe taro, kuma ladabinsa bai ragu ba. Ki nemi jawabansa a YouTube ki lura da inda yake dakatawa kafin ya faɗi magana mai nauyi.

Sannan rabin sadarwar ofis a rubuce take, imel, memo, rahoton mitin. A nan jami'a ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Don haka ni a ganina, tunda rawar murya ce damuwarki ba canjin layin aiki ba, fara da gajeren kwas mai ƙaramin aji, kuma ki roƙi oganki ya riƙa ba ki minti uku a mitin ɗin Litinin ki karanto rahoton sashenku. PGD ɗin ki bar shi sai in kin yanke shawarar komawa ɓangaren hulɗa da jama'a gaba ɗaya, don zai ci miki shekara guda ko fiye, ga kuɗin makaranta ga zirga-zirgar titin Gwarzo zuwa BUK bayan an tashi aiki. Allah ya ba da sa'a.