Tumatir mai aure ko UTC, wanne ya fi dacewa da shukar gida a Kano?

Salamu alaikum. Hajiya kin ce kina da ɗan fili a tsakar gida kina so ki shuka tumatir a buhuna, kin rasa wanne za ki saya tsakanin iri mai aure (wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar da shi) da ake ta cewa yana jure zafi da UTC ɗinmu na gida. Toh gaskiya amsar tana ga watan da za ki shuka.

In da hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ki sayi UTC ko Roma hankalinki kwance. Shi manoman Kadawa da Kura da Garun Malam suka daɗe suna yi da rani, ga arha, kuma kina iya matse wanda ya nuna sosai ki shanya irin ki ajiye na baɗi.

Matsalar tana farawa ne daga Maris. Tumatir ba ya son rana ta wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu muna taɓa 40, dare ma ba sauƙi, sai ki ga shuka ta yi kore shar ta cika da fure amma furen ya bushe ta wuya ya zube ƙasa ba ɗa ko ɗaya, shi ya sa kuɗin kwandon tumatir ke tashin gwauron zabi a kasuwar 'Yankaba daga bazara har cikin damina. A nan mai aure irin su Platinum F1 da Cobra F1 ya yi wa UTC nisa, yana riƙe furensa, yana kuma jure ciwon nan da ke sa shuka ta yi yaushi rana ɗaya in ƙasa ta jiƙe da damina. 'Ya'yansa ma suna da tauri, ba sa saurin ruɓewa.

Amma kar a ruɗe ki Hajiya, jure zafi ba ya nufin ki bar shi a tsakiyar siminti rana ta gasa. Ki yi masa ɗan rumfa da tsohon gidan sauro, ya sha hantsi ya tsira daga zafin azahar, ki rufe bakin buhun da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ban ruwa safe da yamma kar ki tsallake, in kina yi kina fashi gindin tumatirin zai yi baƙi. Ƙasa ki gauraya da taki wanda ya ruɓe sosai, ki huda buhun ta ƙasa. Irin da kika yayyafa ya yi sati 3 zuwa 4 kafin dashe, sannan ki kafa masa sanda.

Tsutsar nan sharon da ta yi ɓarna a 2016 ba ruwanta da mai aure ko UTC, duk ci take, ki dinga duba ganye, wanda kika ga an zana farin layi a cikinsa ki tsinke ki ƙona.

Tsadar mai aure ba za ta dame ki ba tunda 'yan buhuna ne, ƙaramin fakiti ya ishe ki. Sai dai ba a ajiye irinsa, in kin sake shukawa ba zai fito kamar uwar ba, duk shekara sabo za ki saya, kuma ki saya a rufe a shagon kayan noma ki duba kwanan wata.