Gyaran hancin da tiyatar farko ta ɓata: da me za a sake gina shi?

Kafin maganar kuɗi, ki ƙirga watanni. Hancin da aka yi wa tiyata ba a sake buɗe shi sai ya cika wata 12, mai kaurin fata kuwa, irin na yawancinmu, kumburin tsininsa kan kai wata 18 bai gama saɓewa ba. Gaggawa sai in ciwo ya yi ruwa, ko abin da aka dasa yana neman huda fata.

Aiki na biyu yawanci ƙari ake yi, ba ragi ba. Karan hanci ya lotsa, tsini ya faɗi, ko numfashi ya toshe don an yanke guringuntsi fiye da kima. To da me za a cike?

Mu dai guringuntsin haƙarƙarinki muka fi yarda da shi. Ana tsaga santimita 3 zuwa 4 a lanƙwasar ƙasan nono, a ciro daga haƙarƙari na 6 ko na 7. Yana da yawa, yana da ƙarfin da zai ɗaga fata mai kauri da tabon ciki ya ɗaure, kuma naki ne, jiki ba ya ƙin sa. Aibinsa shi ne lanƙwashewa. Ƙwararre daga tsakiyarsa yake sassaƙa, ya tsoma yankan cikin ruwan gishiri na kusan rabin awa ya ga inda zai karkata, sannan ya dasa. Kafin ya ɗinke ƙirji zai cika wurin da ruwa a hura huhu. In kumfa ta taso, an taɓa rigar huhu, sai a gyara nan take. Ki tambaye shi yadda yake yin waɗannan biyu, amsarsa za ta nuna miki ko ya saba. Aikin kan ci awa 3 zuwa 5, ƙirji zai yi ciwo wajen tari na wasu makonni. Wadda hujin kunnenta ya taɓa yin gudajin tabo ta faɗa tun farko, don ƙirji wuri ne da irinsa ke son fitowa. In shekaru sun ja, guringuntsin kan ƙandare, sai an ɗauki hoton ƙirji tukuna.

Guringuntsin kunne a lanƙwashe yake, da taushi, ƙaramin faci kawai zai yi. Na bangon tsakiyar hanci da ya fi dacewa, amma galibi likitan farko ya cinye shi. Silikon yana da sauri, sai dai a hancin da aka taɓa yanka yakan goce ko ya ɓullo ta fata.

Allurar ciko, wadda ake ɗura ruwa mai kauri ƙarƙashin fata don cike inda ya lotsa, ita ce ke ɗaga mana hankali. Tiyata ta riga ta sauya hanyoyin jini, ruwan allurar na iya toshe jijiya, fata ta yi fari, ta koma baƙi ta mutu, wani lokaci har ido ya tafi. Duk da haka ana yin ta a ɗakunan kwalliya, ana tallata ta a WhatsApp daga unguwar Nima ta Accra har Aboabo ta Kumasi. Mafi muni ruwan silikon, wanda ba ya narkewa, sai dai a yanko shi tare da nama. Don Allah, 'yar'uwa, sirinjin da ba ki ga kwalinsa a rufe ba kada ya kusanci fuskarki.

Dillalan da ke kai mutane tiyata Santambul ma a yi hattara da su. Hoton da aka ɗauka a kan gadon tiyata ba shaida ba ne. Ki nemi na bayan shekara guda, na mai fata irin taki, ta gaba, ta gefe da ta ƙasa inda ƙofofin hanci ke bayyana. Ki kuma tambaya wa zai duba ki in hanci ya fara zubar da ruwa bayan kin sauka a Accra.

A gida Ghana, asibitin Korle Bu da ke Accra na da cibiyar tiyatar gyaran jiki da ƙuna, asibitin Komfo Anokye a Kumasi ma na da sashensa. Ko asibitin kuɗi za ki, ki tabbatar sunan likitan na cikin rajistar hukumar likitoci ta Ghana, kuma a wannan fannin ya ƙware. Katin inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS) ba ya biyan aikin kwalliya. Ki je da takardar bayanin tiyatar farko, ki faɗi matsayinki na sikila, ki bar sigari da shisha aƙalla mako 4 kafin ranar. Man bilicin ma a ajiye shi tun da wuri, yana sirantar da fata, ɗinki ya ƙi kamawa.